Sarkin da Ke Kwance Ƙarƙashin Motoci

Da zan bar gida babu wanda ban je na yi wa sallama ba, sai mutum ɗaya. Na zaga dangin Inna a Janfalan gida-gida, na je Makarfi wurin malaman da suka koya mini aikin jinya, na leƙa ƙaramin asibitin da na yi shekara shida ina aiki a wajen Malikanchi, har mai shayin bakin asibitin sai da na ce ya yafe mini. Haka ake yi a wurinmu. Mai tafiya nesa yakan bi mutane ya nemi yafiya, su ma su nema a wurinsa, don ba wanda ya san ko za a sake ganawa. Amma da muka zo mararrabar da ke shiga ƙauyenmu, can bayan Likoro, sai na ce wa mai babur ya miƙe. A ƙauyen nan Baffa Ɗanjuma yake, ƙanin mahaifina, kuma da gangan na ƙi shiga.

Mahaifina shi ne mai unguwar ƙauyenmu. Ya rasu ina da shekara tara, aka ce Baffa ya riƙe rawanin da gonar fadama kafin in girma. Na girma, na yi gemu, na yi aure har na haihu, Baffa bai saki ko ɗaya ba. Inna tana gama takaba ta ɗauke ni muka koma gidansu a Janfalan, can na tashi a gaban kawunnaina, kuma duk abin da na sani game da Baffa a bakinsu na ji shi. Ni kuwa Allah ya yi ni da riƙo. In ka taka ni yau, bayan shekara goma zan iya gaya maka irin takalmin da ke ƙafarka a ranar. Da wannan halin na hau jirgi.

A Landan na fara sanin cewa na zo baƙon wuri. Mutumin da ya shirya mini takardu, ɗan ƙasarmu ne mai zaƙin baki, ya yi mini alkawarin aiki a gidan kula da tsofaffi, ya kuma rantse zan same shi a tsaye yana jirana a filin jirgi. Na fito da akwatina na duba gabas na duba yamma, ba shi ba alamarsa. Na kira wayarsa har ta gaji da ƙara. Da na ga ba sarki sai Allah, na nuna wa wani ma'aikaci adireshin da ke jikin takardata, ya ce ai wannan adireshin a garin Lesta yake, ya raka ni har inda ake hawa motar zuwa can. Shi ne mutum na farko da ya yi mini alheri a ƙasar, ban ma tambayi sunansa ba.

A Lesta na tarar kamfanin da aka ce zai ɗauke ni aiki ƙofa ce kawai a saman wani shagon gyaran waya, an manna sunan da takarda. Mutumina ya ɓullo bayan kwana uku yana ta murmushi, ya ce in yi haƙuri aiki bai faɗo ba tukuna, ya kai ni wani ɗaki da na tarar da mutum biyar a ciki, kowa da irin labarina. Daga ranar ya ɗauke ƙafa. Abin da na sayar na ba shi ba zan faɗa ba, kunya ba za ta bar ni ba.

Wata huɗu na yi ina wankin mota a bayan wani gidan mai. Ni Hamisu, da nake ɗaura wa mutane ruwa ina yi wa yara allura ana ce mini likita a Malikanchi, na koma goge tayar Turawa da soso. Ruwan sanyi ya farfasa mini hannu har ba na iya damƙe cokali. Ga tsoro, don takardata ba ta ba ni izinin wannan aikin ba, ko motar 'yan sanda ce ta gifta sai in nemi wurin ɓuya. In matata ta kira sai in ce mata lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Wata rana na ga rake a shagon wani Ba'indiye, an yanka shi guntu-guntu an naɗe a leda. Na saya na fita waje na gatsa, ashe ya bushe ƙamas, ko ɗigon ruwa babu. Ɗan ƙasar Kudan, inda ake loda rake mota-mota, inda yaro ke sha har ya jefar da rabi, ga ni a gefen titi ina tauna kara. Nan na tsaya na yi kuka sosai, mutane suna wucewa ba wanda ya kalle ni.

A cikin watannin nan ne saƙon Rabi'u ya fara shigowa. Rabi'u ɗan Baffa ne, sa'ana, tare muka yi wasan ƙasa kafin a raba mu. Saƙon farko ya ce Baffa ya ji labarin tafiyata a bakin mutane, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na biyu ya ce Baffa ba shi da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Na uku ya ce Baffa yana tambayata. A matsayina na ma'aikacin jinya na san abin da kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi ke nufi a jikin tsoho. Na saurara duka, na yi kunnen uwar shegu.

Wadda ta fitar da ni daga wankin mota wata baiwar Allah ce, Hajiya Mariama, 'yar zangon Kumasi. Ta kawo motarta wanki, tiyo ya kuɓuce mini ya jiƙa ni sharkaf, na ƙunduma masa ashar da Hausa. Sai na ji an ce daga cikin mota, wane mara kunya ne ke zagi da harshen iyayenta a nan. Hausarta irin ta mutanen Gana ce, ba ta raba namiji da mace, mace ma "ya" take ce mata, amma ban taɓa jin Hausa mai daɗin tata a ranar ba. Washegari ta dawo da shinkafa da wake a kwano. Ta ji labarina, ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni, sannan ta kai ni kamfanin da take wa aiki ta tsaya mini har aka gyara takarduna. Su ne suka tura ni gidan Mista Colin.

Tsoho ne ɗan shekara tamanin da huɗu, ciwon suga ya ci masa ƙafa ɗaya, amma kansa garau, bakinsa kuwa ya fi nawa kaifi. Aikina in zo da safe in yi masa wanka, in wanke masa gyambo, in yi masa aski, in ba shi abinci da magani. Gidan cike yake da littattafai, kuma kusan dukansu a kan mutum ɗaya suke, wani sarkinsu na dā da ake kira Richard na Uku. A kan teburinsa akwai gunkin farin aladen daji, ya ce tambarin sarkin ke nan. Na ce a raina, sarkin da ya rasa dabbar da zai yi tambari da ita sai alade ai da ganinsa ba alheri. Da tsumma nake ɗaga shi in zan goge teburin, tsohon yana kallona yana dariya.

Labarin sarkin kullum ne, ko na so ko ban so ba. Ina cuɗa masa baya yana ba ni. Ya ce Richard ƙanin sarki ne, kuma duk tsawon mulkin wansa bai taɓa juya masa baya ba. Tun yana saurayi yake yi masa yaƙi, da aka kori wan daga mulki tare suka yi gudun hijira, tare suka dawo suka ƙwato. Wan ya damƙa masa arewacin ƙasar ya riƙe, mutanen can suka so shi saboda yana sauraron ƙarar talaka. Ni dai ina cewa to, to, hankalina yana kan gyambo. Abin da ya dame ni da sarkin Turawa da ya mutu shekara ɗari biyar da wani abu, ni da ke neman abin da zan aika gida?

Ranar da labarin ya kama ni ina yi masa aski ne. Ya ce wan ya mutu ba zato, ya bar 'ya'ya maza biyu, babban yana da shekara goma sha biyu, ƙaramin tara. Aka ce Richard ya riƙe ƙasa kafin babban ya girma. Ba a yi wata uku ba aka fito da magana cewa auren iyayen yaran bai inganta ba, don wai uban ya riga ya yi wa wata mace alkawarin aure kafin uwarsu, saboda haka yaran ba su da gadon sarauta. Richard ya hau gadon. Yaran kuwa an ajiye su a wata fada mai ganuwa a Landan, ana ganinsu suna wasa a fili, sai aka rage ganinsu, sai aka daina.

Na tsaya da reza a hannu, kumfa tana bushewa a haɓarsa.

"Ai na san mutumin nan," na ce masa. "Yana nan da rai a ƙauyenmu."

Na ba shi labarin Baffa, ban rage komai ba, har da ƙari. Na zaci zai taya ni. Sai ya tambaye ni wa ya ba ni labarin, na ce kawunnaina. Ya ce to haka aka yi wa Richard, waɗanda suka kashe shi su suka gaji mulki, kuma a zamaninsu aka rubuta tarihinsa, suka mai da shi dodo, har zanensa aka taɓa don a ƙara masa muni. Na ce ni ban ga abin ƙari ba a wurin mutumin da aka ba amanar marayu ya haye kujerarsu.

Daga ranar muka buɗe shari'a, kullum sai mun zauna, shi lauyan sarki ni mai gabatar da ƙara. Ya ce Richard shekara biyu da 'yan watanni kacal ya yi yana mulki, amma a ciki aka yi dokar ba da belin wanda ake tuhuma, aka hana ƙwace kayan mutum tun ba a same shi da laifi ba, aka fara rubuta dokoki da harshen da talakawa ke ji maimakon na manya. Na ce madalla, yaran fa? Ya ce ɗansa guda ɗaya tilo na aure ya mutu yana kan mulki, matarsa ta bi bayansa ba a yi shekara ba, mutumin bai ji daɗin sarautar ba ko na kwana ɗaya. Na ce Allah sarki, yaran fa? Ya ce akwai wasu manya da mutuwar yaran ta fi yi wa amfani, kuma har yau ba wanda ya kawo shaida a kansa. Na ce a hannun wa aka bar su? Ran nan har ya ture farantin abinci ya ce in fita masa daga gida. Na fita na tsaya a bakin ƙofa ina zagin kaina, ga aikin da na samu da kyar zan rasa shi a kan gawar da ba dangin iya ba na baba. Can sai na ji yana ƙwala mini kira, wai shayinsa ya huce.

Da sanyi ya ja baya ya ce in tura shi a kekensa zuwa tsakiyar gari, zai nuna mini wani abu. A hanya ya ƙarasa mini labarin. Wani mai neman sarautar ya ƙetaro teku da runduna, aka haɗu a wani fili da ba shi da nisa da Lesta. Wasu manyan da Richard ya dogara da su suka tsaya da mutanensu suna kallo, wasu suka koma wa abokin gaba. Da ya ga haka bai gudu ba, ya zabura da dokinsa kai tsaye wurin mai neman kujerar, ya kusa cim masa, aka yi masa taron dangi aka farfasa masa kai. Yana da shekara talatin da biyu, ko shekaruna bai kai ba. Aka tuɓe gawar, aka ratayo ta a kan doki aka shigo da ita gari, aka baje ta mutane su gani su tabbatar, sannan wasu masu ibada na coci suka binne shi a gidansu cikin gaggawa.

Muka shiga wani gini, ya sa na tura shi har wani ɗaki da aka shimfiɗa gilashi a ƙasa. Ƙarƙashin gilashin rami ne. Ya ce nan aka tono shi, ba a fi shekara goma da wani abu ba. Gidan ibadar an rushe shi tun da daɗewa, aka yi lambu a wurin, aka yi gine-gine, daga ƙarshe aka malala kwalta ya zama wurin ajiye motocin ma'aikatan wani ofis. A ofishin nan Mista Colin ya yi aiki har ya yi ritaya.

"Shekara da shekaru ina ajiye motata a nan," in ji shi. "In koma gida in karanta littafi a kansa ina tambaya ina aka kai shi. Ashe yana ƙarƙashin tayata."

Na leƙa ramin. Na yi wa gawa wanka ba sau ɗaya ba, na shiga kabari na karɓi mamaci, na san yadda ake yi wa ɗan Adam. Wannan ramin bai kai tsawon mutum ba. Sun ce da aka same shi kansa a tanƙware yake ya jingina da bango, don masu haƙa ba su tsaya sun ƙarasa ba, kuma ba alamar akwati ba alamar likkafani. Ƙashin bayansa a karkace yake tun yana yaro, da wannan bayan ya yi ta yaƙi. Wata biyu na yi ina tsine wa mutumin nan, amma da na ga ramin sai jikina ya yi sanyi. Ko me ya yi, ɗan wani ne.

Na tambayi Mista Colin yadda za a yi gari guda ya manta inda ya binne sarki. Ya ce ba wuya, waɗanda suka sani ne suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tambaye su. Muka tsallaka titi zuwa babban cocin da aka sake binne shi, aka ɗora masa dutse mai kyau da sunansa. Tsohon ya daɗe yana kallon dutsen. Shi da kansa ya ɗauko maganar.

"Kana ta tambayata yaran. Ban sani ba, Hamisu. Shekara hamsin ina karatu, ban sani ba. An gano ƙashinsa, an ƙirga raunukansa, an san har abin da yake ci. Abu ɗaya da nake so in tambaye shi, ba bakin amsawa."

Ina tura shi zuwa gida, amma ni ba a Lesta nake ba. Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba shi ya faɗo mini: ban san inda kabarin mahaifina yake ba. Ranar da aka kai shi an ce ni yaro ne, aka bar ni a cikin gida wurin mata. Mu kuma ba ma rubuta suna, tudun ƙasa ne, damina biyu uku ta baje shi. Waɗanda suka shiga ramin suka kwantar da shi mutum uku ne, na sha ji a bakin Inna: liman na lokacin, da wani amininsa, da Baffa. Liman ya rasu, aminin ya rasu. Na yi shekara ashirin da biyar ina ƙirga abin da Baffa ya riƙe mini, rawani da fadama, ban taɓa sa wannan a ciki ba.

Ranar Juma'a bayan na sauko daga masallaci na kira Rabi'u. Bai yi mini gori ba, ya ce in dakata ya shiga da wayar. Da fuskar Baffa ta fito sai da na ƙura ido kafin na gane shi. Mutumin da nake tunawa ƙato ne mai cika zaure, wannan kuwa an jingina shi da bango da matashi biyu, wuya ya zama kamar na kaza. Na gaishe shi, na tambayi jiki, na tambayi iyali da damina da jama'a, yana amsawa yana hutawa. Da gaisuwa ta ƙare ya ce, "Ka tafi ba sallama." Na ce haka ne, Baffa.

Zan faɗi gaskiya, zaman da na yi da Mista Colin ya sa na shirya jin wani uzuri. Na zaci zai ce hakimi ne ya tilasta shi, ko akwai wata wasiyya da aka ɓoye mini, ko kawunnaina ne suka ƙulla ƙarya. Har na fara tausaya masa tun bai buɗe baki ba. Na ce masa ina so in ji daga bakinsa yadda aka yi.

"Ba wanda ya tilasta ni," in ji shi. "Da niyyar riƙo na karɓa, Allah ya sani. Shekarar farko duk wanda ya gaishe ni sai in ce rawanin na Hamisu ne. Ta biyu ina faɗa jefi-jefi. Ta uku na daina. Daɗi na ji, ɗana. A durƙusa a gaishe ni, a kawo mini ƙara in raba. Fadamar kuma tana ba da rake. Abin da kawunnanka suka gaya maka haka ne, in ma sun ƙara, kaɗan ne."

Raina ya ɓaci fiye da yadda ya taɓa ɓaci. Da ƙarya ya yi mini da na san abin da zan yi da ita. Maganganun da na tanada tun ina yaro suka taso mini gaba ɗaya, na buɗe baki, sai na ga yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka, na san irin wannan numfashin. Na haɗiye. Na ce masa ba rawani ya sa na kira ba, so nake ya gaya mini inda aka kwantar da mahaifina. Ya gyara zama a jikin matashin. Sannan ya ce ba abin faɗa da baki ba ne, in kira gobe da hantsi.

Washegari na roƙi Mista Colin ya ba ni minti goma, na fita bayan gidansa na kira. Ashe Baffa ya sa an ɗora shi a babur, Rabi'u yana tuƙi wani yana riƙe da shi ta baya, har maƙabarta. Ta cikin wayar ba abin da nake gani sai ciyawa, damina ta rufe ko'ina, can gefe ga dawar mutane ta matso har bakin kaburbura. Aka riƙe shi yana takawa, daga gindin wata tsamiya ya yi gabas, yana tsayawa yana haki. Ya kai wani ɗan tudu da aka share, ya dafa sandarsa a kai. Ya ce wa Rabi'u ya tona nan da hannu. Ba a yi nisa ba sai ga wani tsohon ƙarfe ya ci tsatsa.

"Garmar Yaya ce," in ji Baffa. "Ni na binne ta a wajen kansa ranar, don kada in ɓata. Duk shekara in ruwa ya sauka nakan zo in cire ciyawa in tayar da ƙasar. Bana ne ban iya ba, na sa aka yi."

Ko Rabi'u bai san da wannan ba, na ji shi yana salati. Ni kuwa na durƙusa a kan siminti a bayan gidan Bature, ina kallon tudun ƙasa a cikin waya, ina yi wa mahaifina addu'a a kan kabarinsa karo na farko a rayuwata. Mutumin da ya cinye mini gado shi ne ya yi shekara ashirin da biyar yana share wannan wuri ba wanda ya sani. Cin gadon da share kabarin, na yi ta ƙoƙarin in sa ɗaya ya goge ɗaya, suka ƙi, har yau kuma sun ƙi.

Ya ce fadama ya riga ya faɗa a gaban liman tawa ce, rawani kuwa ya bar wa jama'a da hakimi. Sannan ya matsar da sandar gefe kaɗan, inda ciyawa ba a taɓa ta ba.

"Nan nake so a sa ni, kusa da shi. Amma na ce wa Rabi'u sai in ka yarda. In ba ka yarda ba a kai ni can ƙarshe."

Ba a neman iznin kowa a kan wurin kabari, ni na sani shi ma ya sani. Yafiya yake nema, irin wadda na hana shi nema ranar da na ce wa mai babur ya miƙe. Na matso da wayar kusa da kunnena. Ina jin kukan kurciya daga can, ina jin numfashinsa. Na ce, "A sa ka nan, Baffa. Na yafe. Ni ma ka yafe mini tafiya ba sallama." Ba zan ce zuciyata ta gama yarda a lokacin ba, bakina ne ya riga ta, ita sai daga baya ta biyo a hankali. Ya ce ya yafe duniya da lahira, Allah ya yi mini albarka, ya sa in gama lafiya.

Da na koma ciki Mista Colin ya ga idona. Ya tambaye ni ko baffan nawa ya aikata abin da ake faɗa, na ce ya aikata, da bakinsa ya faɗa. Na gaya masa maganar garmar. Ya juya yana kallon farin aladen nan nasa na kan tebur, sannan ya ce ni na yi sa'a, nawa ya amsa. Ranar bai ba ni labarin sarki ba, ni ma ban tambaye shi yaran ba.

Baffa ya rasu ana cikin yankan dawa. Ban samu zuwa ba, takarduna ba su kai in fita in dawo ba, sai a masallacinmu na Lesta na roƙi jama'a suka taya ni addu'a. Na ce wa Rabi'u ya nemi wani ƙarfen ya binne a wajen kan Baffa, kuma ya kai 'ya'yansa da nawa ya nuna musu wurin tun yanzu, ya sa su taka daga gindin tsamiyar da ƙafarsu, kada ya ce sun yi ƙanƙanta.

Bayan damina ta zagayo ya turo mini hoto. Tudu biyu ne a jere, ruwa ya daidaita su, ciyawa iri ɗaya ta fito a kansu. Na ƙura ido na juya wayar na ƙara girman hoton, ban iya raba su ba. Sai da na kira Rabi'u na tambaye shi wanne ne na mahaifina.